Ta Faɗa Mini A Ɓoye, Ta Ƙaryata Ni A Gaban Dangi

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Ina zaune a Dutse Alhaji da maigidana da yaranmu uku. Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, ta rasu bara, shekara biyu bayan rasuwar mijinta, ta bar yarinya guda mai shekara 11. Ranar addu'ar bakwai dangin uba suka ce baffanta, Alhaji, zai riƙe ta a gidansa na Gwarimpa, tunda shi ke da hali, kuma gadonta ma yana hannunsa. Ba mu ja ba.

Wata biyu da suka wuce mun haɗu a wani suna a Kubwa. Ta ja ni can wajen wanke-wanke, ta ce tun zangon da ya wuce ba ta zuwa makaranta, a sito take kwana, ita ce shara, ita ce raino, kuma Hajiya, matar Alhaji, na dukanta da wayar wuta. Ta ɗaga riga na ga shati uku a gadon bayanta. Ta ce, "Inna, don girman Allah kar ki ce ni na faɗa."

Na kasa barci. Na kira babban wansu, dattijon gidan, na gaya masa abin da ta ce. Aka tara mu a falon Alhaji, aka kira yarinyar, Hajiya na zaune, aka ce mata, "Ana cutar ki a gidan nan?" Ta sunkuyar da kai ta ce a'a. Shatin fa? Ta ce faɗuwa ta yi. Makaranta kuwa wai canza mata za a yi. Aka ce ni munafuka ce, gado nake hange. Yanzu mai gadi ba ya barina in shiga. Dattijon nan Alhaji ne ya biya masa kujerar Makka, maigidana kuma a shagon Alhaji yake a kasuwar Dei-Dei, ya ce in rufa masa asiri in yi shiru. Mahaifiyarmu na Zariya, kullum kuka. Wata maƙwabciya ta ce in je walfiya, wata ta ce gidan marayu za su kai ta, kuma na yanke zumunci ke nan har abada. Anti, wa ke duba yaran da ke hannun riƙo? Wa zan kai wa kuka wanda ba ya ci a hannun Alhaji?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya jiƙan yayarki da mijinta, Ya kai haske kabarinsu.

Sau uku na karanta wasiƙarki, kuma duk karatun a falon nan nake tsayawa. Daga can zan fara, domin in ba ki gane abin da ya faru a wurin ba, za ki yi ta jin kunyar da ba taki ba, har ki soma zargin idonki.

Yarinyar nan ba ƙaryata ki ta yi ba. Lissafi ta yi, kuma lissafinta daidai ne. Ta ɗaga ido ta ga Hajiya a kujera, ta ga Alhaji, ta ga dattijon da zai sha shayi ya tafi, ta gan ki ke da za ki nemi motar Dutse kafin magariba. Kowa a falon zai watse, ita kaɗai za ta kwana. Yaron da aka yi wa tambaya a gaban wanda zai kulle ƙofa da dare, amsa ɗaya gare shi. Ko manya ne, ki tara yaran shago a gaban maigidansu ki tambaye su ko yana zaluntarsu, ki ji abin da za su ce. Saboda haka ba bincike aka yi ranar ba. Wanke sunan gida aka yi, kuma da bakin marainiyar aka wanke shi.

Zan faɗa miki naki, ba don in fama miki ciwo ba. Ta roƙe ki kar ki ce ita ta faɗa, kika je kika ce "ta ce". Kuma kika kai maganar wurin mutumin da ke ɗauke da nauyin alherin wanda ake ƙara. Ban ce dattijon mugu ne ba, amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da cewa kika yi, "Na ga shati a bayanta ina gyara mata riga, na kuma je makarantarsu an ce ba ta zuwa," da nauyin maganar a wuyanki ya tsaya, ke babba, mai gidan kanki. Daga yau duk abin da za ki faɗa a kan yarinyar nan, ki faɗe shi da idonki, ba da bakinta ba.

Kar wani ya karanta wannan ya ce ina sukar riƙo. Ni kaina 'yar riƙo ce. Ina shekara 7 aka kai ni Jos wurin goggona a Gangare, na yi shekara tara a hannunta, kuma duk abin da na zama, bayan Allah, ita ce sila. Amma akwai wata tsohuwa a Dilimi, ƙanwar kakata ta wajen uwa, mai sayar da daddawa da kuka. Ba ta cin komai a gidan goggo. Ko kunu aka kawo mata sai ta ce yanzu ta sha. Duk ƙarshen wata sai ta aiko a kai ni kitso. Ta shimfiɗa tabarma inda rana ke bugawa saboda sanyin Jos, ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta, ta ce in cire riga kar mai ya ɓata ta. Tana tsifa tana duba fatar kai, da bayan kunne, da wuya. Ta kama ƙafata ta duba faso, ta shafa man kaɗanya. Ko sau ɗaya ba ta taɓa tambayata ko ana cuta ta ba. Sai dai, "Jiya me kuka ci da dare? Da wa kika ci? Wa ke kwana kusa da ke? Me malam ya biya muku?" Wata shekara da hunturu ta gano 'ya'yan goggo na da rigar sanyi sabuwa, ni ina fama da wadda ta yi mini kaɗan. Ba ta tara kowa ba. Ta je ta sami goggo a ɗaka, a makon aka saya mini. Mantuwa ce kawai, irin ta mai yara da yawa. Sai da na girma na haihu na gane ba kitso ne ke kai ni Dilimi ba. Goggo kuwa ta sani tun farko, ita ce ma ke cewa, "Tashi ki tafi, kar tsohuwar nan ta ce na ɓoye ki."

Ki duba abin da tsohuwar ta haɗa. Ba ta ci a gidan, don haka bakinta a sake yake. Tana ganina ni kaɗai, a wajen gidan, kuma a kai a kai, ba sai an yi rigima ba. Sannan maganarta na da nauyi wurin mahaifina. Da ta ce a dawo da ni, da an dawo da ni. Abin da wasu ƙasashe suka gina wa ofis, suka ba shi doka da albashi, wannan tsohuwar ce. Norwe ce ta fara naɗa jami'i na musamman mai sauraron koken yara, wanda ba ya ƙarƙashin ma'aikatan da yake dubawa, a 1981. Mu muna da namu a cikin dangi tun kafin nan, zaman birni ne ya cinye shi. A Abuja kowane gida da katangarsa da get da mai gadi, maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba, kaka na Zariya, inna na Dutse. Sai riƙon ya rage, idon da ke kan riƙon ya tafi.

In an ce miki neman a duba gidan Alhaji cin mutunci ne, ki tuna musu aya ta 6 a Suratun Nisa'i. Allah Ya ce wa masu riƙon dukiyar marayu, idan za su miƙa musu ita su kafa shaidu, alhali a ƙarshen ayar Ya ce Shi Ya isa Mai hisabi. Wanda aka ce ya kafa shaidun nan ba baƙo ba ne, waliyyi ne, sau da yawa baffa ne kamar Alhaji. In dukiyar maraya na buƙatar shaida, bayansa da cikinsa da karatunsa fa? Ladan riƙon maraya babba ne, har Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya haɗa yatsunsa biyu ya nuna kusancinsa da mai riƙon a Aljanna. Abin da ladansa ya kai haka, amanarsa ma ta kai. Mai riƙon gaskiya kuwa shaidar ta fi yi masa amfani, domin ita ce za ta wanke shi ranar da aka yi masa ƙazafi.

Akwai labarin da nake so ki ji, ba don in tsorata ki ba. Biktoriya Kilimbiye yarinya ce daga Kwaddibuwa. Iyayenta suka ba wata 'yar'uwa ta wajen mahaifinta ita a 1998, don ta kai ta Turai ta yi karatu, irin dai yadda muke ba da namu. Aka bi da ita Faransa, aka wuce Landan a 1999. Ta rasu a watan Fabrairun 2000 tana shekara 8, likita ya ƙirga tabo da rauni 128 a jikinta. Abin da ya girgiza Ingila shi ne yarinyar ba a ɓoye take ba. Wata 'yar'uwa ta nesa ta buga wa hukuma waya. An kai ta asibiti, a wani zuwan aka ce ƙazuwa ce. Ma'aikatan walfiya da 'yan sanda duk sun san da ita. Rahoton binciken da ya fito a 2003 ya lissafa aƙalla lokuta 12 da za a iya cetonta. Kowa mariƙiyar yake saurara, kowa na zaton wani ofishin na bin maganar. Bayan nan aka yi sabuwar dokar yara a 2004, aka kafa ofishin Kwamishinan Yara na Ingila a 2005. Abin ɗauka a nan shi ne kai ƙara kaɗai ba ya ceton yaro. Sai an sami wanda zai zauna da yaron shi kaɗai, da harshen da yake ji, sannan a sami wanda zai bi sawun wanda aka kai wa ƙarar.

To, mu dawo Abuja. Kin yi sa'a ta fuska ɗaya: Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 tana aiki kai tsaye a Babban Birnin Tarayya. Da a Mararaba yarinyar take, dokar Nasarawa za a bi, da a Suleja ce, ta Neja, amma Gwarimpa cikin Abuja take, ƙarƙashin ƙaramar hukumar birnin Abuja, wato AMAC. Sashen farko na dokar ya ce a duk abin da ya shafi yaro, maslaharsa ce gaba da komai, kuma yaro a wurinta shi ne wanda bai kai 18 ba. Ta hana azabtar da yaro da wulaƙanta shi. Ta ɗora wa uba ko mariƙi nauyin ganin yaro ya gama firamare da ƙaramar sakandare, haka ma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004. Aikin gida daidai ƙarfin yaro a gidan danginsa ba laifi ba ne, duk mun yi shara mun yi wanke-wanke. Amma a zaunar da ita zango guda babu makaranta, a mayar da ita mai raino, a zane ta da waya har ya bar shati, wannan ya wuce tarbiyya a doka, ya wuce ta a addini.

Dokar tana da babi guda a kan riƙo: a nema ta kotu, a rubuta yaron a rajista, jami'an kula da yara su riƙa bibiyar halin da yake ciki. Sai dai riƙonmu, kusan dukkansa, ba ta wannan ƙofar yake bi ba. A kan tabarmar zaman makoki ake ƙulla shi, maza su yanke, a shafa fatiha. Don haka 'yar yayarki ba ta cikin littafin kowa, kuma babu jami'in da zai tashi da kansa ya buga get ɗin Alhaji. Wannan bai cire ta daga kariyar doka ba, amma sai wani ya je ya faɗa. Amsar tambayarki ke nan, mai ɗaci: a yau babu mai duba ta sai ke.

In kika ji an sake ji mata ciwo, ko kika ji wani abu da ya shafi mutuncinta na 'ya mace, babu jira, babu shawara da dangi: ofishin 'yan sanda mafi kusa, ki nemi sashen mata da yara, a kai ta asibiti a rubuta abin da aka gani. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce. In ba a kai nan ba, ki fara da makarantar a makon nan. Ki sami malamar ajinsu, ki gabatar da kanki a matsayin ƙanwar mahaifiyarta, ki tambayi ranar ƙarshe da ta zo. Rajistar aji ba ta jin tsoron Hajiya. Ki sayi ƙaramin littafi ki rubuta komai da kwanan wata: ranar sunan Kubwa, shati nawa kuma a ina, ranar zaman falo da waɗanda suka halarta, ranakun da mai gadi ya mayar da ke. Ki raba abin da kika gani da abin da kika ji. Kar ki ƙara gishiri ko ƙwaya ɗaya, domin ƙari guda aka kama ki da shi, da shi za a rushe sauran. Mai gadin kuwa ki bar shi, shi ma abincinsa yake karewa.

Ina ganin akwai ƙofar dangi ɗaya da ba a buga ba, kuma ta cancanci a buga ta sau ɗaya, da wa'adi. Mahaifiyarku ta daina kuka a Zariya, ta hau mota ta zo. Kaka ba a hana ta shiga gida, in an hana ta kuwa duniya ta gani. Ta tafi da wani malami ko dattijo da Alhaji ke jin nauyinsa amma ba ya ci a hannunsa, ba limamin masallacin da ya gina ba. Kar ta je da tuhuma, ta je da buƙata: a mayar da jikarta makaranta cikin mako biyu, a riƙa ba ta ita ko ke duk ƙarshen wata ta kwana biyu, a kuma rubuta abin da yarinyar ta gada a gaban shaidu. Ke kuma ki faɗa a gaban kowa, in da hali a rubuce, cewa ko kobo ɗaya na gadon ba kya so ya bi ta hannunki. Maganar hangen gado ta mutu ke nan.

Ki kuma bar musu hanyar fita da mutuncinsu. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a zaman makokin nan babu wanda ya tambayi Hajiya ko tana so. Alhaji ya karɓi yabo a gaban maza, ya kawo mata yarinya, ya fita tun safe sai dare. Wannan ba uzurin dukan marainiya ba ne ko kaɗan, amma yana nuna miki cewa wataƙila ita ma neman mai sauke mata take. "Kaka ta tsufa, tana son jikarta kusa da ita" magana ce da kowa zai iya faɗa a bainar jama'a ba tare da an ce an ƙwace ba. In abin da kike so shi ne yarinyar ta fita, ba sai Hajiya ta amsa laifi ba.

In sun ƙi, ko suka amsa da baki mako biyu ya wuce shiru, sai walfiya, kuma ƙin nasu ma ki rubuta shi. Akwai sashen jin daɗin jama'a a ƙananan hukumomin Abuja shida, akwai kuma sashen kula da yara a Hukumar Babban Birnin. Ki je ɓangaren da yarinyar ke zaune, ba naki na Bwari ba. Kar ki je da baki kawai. Ki rubuta takarda kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata a ba ki, ki rubuta sunan jami'in da ya karɓa. A cikin takardar ki nemi abubuwa da sunansu: mace mai jin Hausa ta gana da yarinyar ita kaɗai, ba a falon gidan ba, ba tare da an sanar da ranar zuwa ba, likita ya duba ta, a duba rajistar makaranta, kuma a san inda za ta kwana a daren da aka yi mata tambayoyi. Wannan na ƙarshen shi ne wanda aka fi mantawa, kuma shi ya fi haɗari. In aka ce ku je ku sasanta a gida, ba laifi, amma a rubuta sharuɗɗan, a sa ranar da jami'ar za ta koma ta gani da idonta. Sulhun da babu ranar komawa, zaman falo ne na biyu.

Kin tambayi wanda ba ya ci a hannun Alhaji, kuma na san abin da ke ranki: mai kuɗi ne, yana da mutane. Shi ya sa takardar nan mai hatimi take da daraja, domin da ita za ki hau sama in aka danne maganar. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, hedkwatarta na Maitama, tana karɓar koke kyauta, kuma ba ta ƙarƙashin ofishin walfiya. Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, tun 1975 zamanin Janar Murtala, aikinta shi ne bin kadin wanda ma'aikatar gwamnati ta yi wa riƙon sakainar kashi. Ita ake kai wa ƙarar ofishin da ya kwanta a kan fayil. Hukumar hana fataucin mutane, NAPTIP, ita ce ke kula da aiwatar da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 a Abuja, kuma dokarta ta fataucin mutane, ita ma ta 2015, ta haramta sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Ba Da Agajin Lauya suna tsaya wa marasa hali. Ba cewa na yi ki zagaye su duka rana ɗaya ba, za ki rikita maganar. Ki fara da ɗaya, ki ba shi kwanaki, ki koma ki tambaya, in shiru ki ɗauki kwafinki ki yi gaba. Kar ki ba kowa na goro, kuma in an nema ki rubuta shi a littafinki.

Abin da na hana ki ƙwarai shi ne Facebook da TikTok. Hoton bayan yarinyar nan in ya fita, ya fita ke nan, zai bi ta har ɗakin mijinta. Kotun iyali da dokar 2003 ta tanada ma a rufe take zama, kuma an hana bayyana sunan yaro, saboda wannan dalilin. Haka nan kar ki sa a sato miki ita daga gidan. Ranar da kika yi haka kin zama wadda ake ƙara.

Maganar gidan marayu, maƙwabciyarki ta tsorata ki fiye da kima. Yaron da ke da dangi masu so kuma masu iyawa, wurin dangi ake fara dubawa. Abin da ke kai yaro gidan marayu shi ne a cire shi a rasa mai karɓa. Don haka ku je da amsarku a hannu: ga kaka, ga ɗakin da za ta kwana, ga makarantar da za ta shiga, ga mai biyan kuɗin. In ta kai ga shari'a ta fuskar Musulunci, kotunan Eriya na Abuja na sauraron irin wannan, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi, renon yaro bayan uwa ɓangaren uwa yake fara bi: kaka ta wajen uwa, sannan ƙanwar uwa ko yayarta, kafin a zo ga baffa. Da aka yi jayayya a kan riƙon 'yar Sayyidina Hamza, Manzon Allah ya ba gidan Ja'afar ita saboda 'yar'uwar mahaifiyarta na aure a can, ya ce 'yar'uwar uwa a matsayin uwa take. Kula da dukiya daban, reno daban. Baffa na iya riƙe na farko ba tare da na biyu ba. Sai dai ki sani za a iya kawo maganar aurenki, tunda maigidanki ba jinin yarinyar ba ne. Haƙƙin mahaifiyarku ya fi naki ƙarfi, don haka ita ce ya kamata ta tsaya a gaba.

Wannan kuma shi ne zai ɗan sassauta wa maigidanki. Ban raina tsoronsa ba. Mai yara uku da kuɗin haya a Abuja, in ya ce a rufa masa asiri, ba rashin imani ba ne. Kar ki yi komai a bayan idonsa. Ki zaunar da shi bayan yara sun yi barci, ki nuna masa littafin, ki ce masa takarda da sunan surukarsa za ta shiga, shi ba a neman ya ce komai, in Alhaji ya tambaye shi ya ce maganar kaka ce da jikarta. Sannan ki tambaye shi, da ku biyun ne kuka rasu, 'yarku ce a siton nan, me zai so ƙanwarki ta yi? Ba zan yi miki alkawarin Alhaji ba zai huce a kansa ba. Yana iya yi. Ku fara tunanin wata madafa tun yanzu, ko adashi ne, ko wani shagon a kasuwar. Amma in kin tambaye ni ko wannan tsoron ya isa a bar yarinya da wayar wuta, bai isa ba. Zumuncin da ake cewa za ki yanke, ita ma yarinyar tana cikinsa, kuma ita ce mafi kusa da ke a duk wanda ya zauna a falon nan.

Akwai biki ko suna da zai sake haɗa ku, dangi ba sa rabuwa da taro. In kin gan ta, kar ki ja ta gefe a idon Hajiya, kar ki tambaye ta komai. Tana nan tana zaton kin yi fushi, tana ganin ta kunyata ki, kuma ƙila ta ƙudurta ba za ta ƙara faɗa wa kowa komai ba. Ki sami daƙiƙa biyu, ko wajen alwala ne, ki ce mata, "Ban yi fushi ba. Na san abin da ya sa kika ce a'a, kuma na yarda da ke." Kar ki sake yi mata alkawarin ba za ki faɗa wa kowa ba. Ki ce mata za ki faɗa wa wanda zai taimaka ne kawai, kuma da bakinki, ba da nata ba. Ki sa ta haddace lambar wayarki da ka, kamar yadda ta haddace Ƙulhuwallahu, domin takarda ana tsintar ta a sito.

Ki rubuto mini ranar da Mama ta iso daga Zariya.